Turjumanin Sinimar Gadarif

Juma'ar da ta wuce ƙafa ta kai ni inda na daɗe ina kauce wa. Na fito masallaci na tarar hanyar da na saba bi ta cushe da motocin mutanen da yaƙin nan ya koro mana, sai na ratsa ta bayan tsohuwar sinima. Rufin ɗakin inji ya rufta, ƙofar ƙarfen ma an ɓalle ta, amma bangon da ake haska fim yana nan tsaye, farinsa ya koma ruwan toka. Masu gudun hijira sun kafa rumfuna a inda muke zama da, an ɗaura igiya daga bangon an shanya kayan yara, wata mata tana yin kisra, wainar dawar nan mai faɗi, a gindinsa. Na ga yara uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya, ba dariya, ba magana. Da na leƙa sai na ga ba fim suke kallo ba. Mutane ne na gaske kwance a bakin wani titi, mai ɗaukar hoton yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Na kau da kai na nemi dutse na zauna. Tun ranar ƙarar injin nan take dawo mini a kunne, tar-tar-tar, kamar ana tankaɗe tsakuwa.

Mu a samartakarmu 'yan yankan riɗi ne. Damina na yin sallama, laka baƙar nan ta Gadarif, nan ƙasar Sudan, mai cire wa mutum takalmi ta fara tsagewa, sai lori ya tsaya a kasuwar hatsi, wakilin masu gona ya hau bisa yana kira. Mu ɗare da lauje da bargo da tukunya, a nausa da mu gonakin wajen garin Doka. Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube, don haka tun assalatu mutum yake sunkuye har rana ta daki tsakar ka. A yanka, a ɗaure, a jingina dammunan tsaye su bushe. Abinci asida ce, wato tuwon dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa, ruwa kuwa na tafki ne, sai ka hure kafin ka kurɓa. Da yamma ba ka jin komai sai wasa lauje a kan dutse, da tarin mutane, da kukan kura can nesa. Abin da ke riƙe mu a wannan wahala shi ne sanin cewa in an sauko gari, za a yi wanka da sabulu, a sa jallabiya mai guga, a tafi sinima.

Ba rufi gare ta ba. Bayan magariba ake fara haskawa, jemagu suna gilmawa ta cikin hasken, ƙwari suna yawo a ciki kamar ƙaiƙayi. Mu talakawa bencin siminti na gaba ne namu, masu iyali da manyan 'yan kasuwa suna can sama a kujeru. Kowa da ƙullin tasali, 'ya'yan kankana soyayyu, ana ɓarewa ana tofar da ɓawo a ƙeyar na gaba. Fina-finai iri-iri ake kawowa, amma namu su ne na takobi da tsafi. Duk kusan labari ɗaya ne: wani ƙato da aka shafe wa ƙirji da mai, ba riga sai ɗan bantan fata, boka ya ƙone garinsu, shi kuma ya tashi ɗaukar fansa. Takobinsa in ya sara sai ka ga ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Gemun bokan da danƙo aka manna, wani lokaci gefe guda ya saki yana lilo. Macijin da ke gadin kogo na tsumma ne, zaren da ake jan kansa da shi muna ganinsa ƙiri-ƙiri. Akwai wanda aka ce zamanin kafin annabawa ne, ga jarumi kan doki, can bayansa ga turken lantarki. Jinin kuwa ja ne wur kamar ruwan zoɓo. Mun san duk ƙarya ce, kuma saninta bai rage mana komai ba. Mukan yi ihu mu gargaɗi jarumi cewa ga dodo a bayansa, alhali muna ganin ɗinkin rigar dodon. Yau jikokina suna nuna mini na zamani, wuta kamar wuta, rauni kamar rauni, ba inda za ka ga hannun wanda ya ƙera. Ni ba na iya kallo. Abin da ba ka ga ɗinkinsa ba, ba ka san inda zai tsaya ba.

Turanci ake yi a fina-finan, ba mai ji a cikinmu. Rubutun Larabcin da ke ƙasa kuma kafin ka haɗa baƙi biyu ya wuce. Shi ya sa duk Bahaushen da ya shigo yake neman zama kusa da Yayana. Ɗan Gwaggona ne, ubansa ya rasu tun yana goye, a gidanmu ya tashi shi da uwarsa, ɗaki ɗaya muke kwana. Mutane Turjuman suke ce masa, wato tafinta. Shi ma ko kalma ɗaya ta Turanci bai sani ba. Sai dai Allah ya ba shi baki. Boka na ɗaga sanda yana zare ido, Yaya zai kumbura murya ya ce, "Wallahi yau ba mai shan shayi sai an gama layin nan!" Jarumi ya zaro takobi, Yaya ya amsa masa da muryar maraya, "Ya wakili, ka ji tsoron Allah, tun jiya asidar ba gishiri." In gimbiya ta faɗa ƙirjin jarumi tana kuka, sai ya siranta murya: "Kai, tashi ka yi wanka, man nan naka ya yi tsami." Benci uku sai su kife da dariya, har Larabawan da ke kusa suna taɓa mu suna tambaya me ya ce, shi kuma ya juya ya maimaita musu da Larabci, ya ƙara gishiri.

Babana bai taɓa son wurin ba. Yakan ce, "Kakanku ya tako ƙasa da ƙafa daga yamma zai je ɗakin Allah, ku kuma kun ƙare a ɗakin aljanu." Amma bai hana mu ba, iyaka ya ce kada sallar isha ta kuɓuce. Wani lokaci da safe ina jin sa yana tambayar Yaya a kaikaice, wai jiya an kashe macijin ko kuwa.

Doka ɗaya ce a sinimar nan da ba a karyawa: ba a shiga da makami. Akwai wani tsoho mai tsaron ƙofa, gefensa buhu a shimfiɗe, nan kowa yake ajiye wuƙar damtse da sanda da lauje. In makiyaya masu raƙuma sun shigo gari, har takubba kakan gani a kan buhun, cikin kube na fata da ya yi baƙi don tsufa. Ba ma ko kallonsu. Na cikin fim sun fi su ƙyalli.

A kakar da nake ba da labari, mun kusa gama yanka, dammuna sun bushe sarai ana jiran kakkaɓa. Ranar da la'asar sakaliya muka hango raƙuma sun ratso gona, suna ture dammunan da ƙirji. Busasshen riɗi da an girgiza shi ya tsiyaye ƙasa, ya shige tsagar laka, ba mai tsince shi. Guminmu ne yake zuba muna gani. Muka ruga. Mai korar raƙuman saurayi ne kamar sa'ana, siriri, da alama dabbobin ne suka fi ƙarfinsa. Yaya ya isa gare shi yana zagi, yaron ya ɗaga sandarsa, ban sani ba ko duka zai kai ko karewa zai yi. Yaya ya riga shi. Ya sauke masa ƙotar gatari sau ɗaya a gefen kai. Yaron ya faɗi zaune, ya tashi, ya shafa wurin ya dubi hannunsa, ya kora raƙumansa ya tafi. Da yamma a bakin wuta Yaya har kwaikwayon faɗuwarsa ya yi, muka yi ta dariya.

Sai da muka sauko gari wani direban lori ya zo har gida ya ja Baba gefe. Yaron ya isa rugarsu ya kwanta, bai sake tashi ba.

Baba ya tara dattawan unguwa, aka aika wa shehin makiyayan cewa muna neman zaman sulhu, duk abin da aka yanke za mu ɗauka. Ɗan aike ya dawo ya ce rugar ta tashi, toka kawai ya tarar. Aka jira 'yan sanda su zo, ba su zo ba, ba wanda ya kai ƙara. Wannan shirun shi ya hana Baba cin abinci. Na ji ya ce wa Gwaggo, "Da sun kai mu gaban alƙali da na yi barci." Ya kira Yaya ya ce ya hau mota ya tafi garin Fau wurin danginmu har ƙura ta lafa.

Yaya ya ce, "Kawu, in na gudu na amsa cewa kisa na yi niyya. Allah ya sani ban yi ba."

"Allah ya sani. Su fa?"

"In sun zo zan yi musu bayani."

Baba ya ce, "Ba kowane kunne ne yake zuwa don ya ji ba, ɗana."

Yaya ya kwana biyu ba ya fita, daga baya zaman ɗaki ya ishe shi, abokai kuma suna ta aike cewa fim ba ya daɗi ba shi. Muka koma. A daren farko na lura da mutumin. Dogo ne, jallabiyarsa ta sha ƙura, ya ɗora 'yar shara baƙa a kai, yana zaune can baya a ƙarshen benci. Ba ya cin tasali, ba ya dariya. Da hasken fim ya faɗo masa na ga ba bangon yake kallo ba, ƙeyoyin mutane yake bi da ido. Da aka canja fim muka dawo, yana nan, ya matso benci biyu. Na je wurin tsohon ƙofa na tambaye shi. Ya ce, "Kullum sai ya zo. Ya ajiye takobinsa, ya shiga, ya fito ya ɗauka. Ranar farko ya tambaye ni wane ne mai maganar nan da ake wa dariya." Na ce, "Ka gaya masa?" Ya ce, "Sai na gaya masa? Kurma ma ya san Turjuman."

Na faɗa wa Yaya. Ya yi murmushin da bai kai ido ba ya ce ai a cikin sinima ya fi ko'ina tsira, tunda ba a shiga da ƙarfe. Amma bakinsa ya fara mutuwa. Sai boka ya gama surutunsa kaf Yaya bai ce komai ba, sai an zungure shi. In ya yi maganar ma, rabi ce, yana yi yana waiwaye.

Ranar da abin ya faru fim ya yi nisa sai ya tsinke, kamar yadda ya saba. Bangon ya yi fari fat, sannan duhu. Aka ɗauki fito ana zagin mai inji, ana buga benci. Da hoto ya dawo, mutumin yana zaune a gefen Yaya na dama, ni ina hagu. Wanda yake wurin da, ban san yadda aka yi ya tashi ba. Ƙanshin hayaƙin itace da man shanu ya bugo ni. A bango jarumi ya durƙusa gaban wani tsoho da aka soke, ya ɗaga takobi sama yana kururuwa.

Mutumin ya yi magana da Larabci, a hankali, kamar mai tambayar hanya. "Ya zol, bawan Allah, an ce kai kake gaya wa mutane abin da ake faɗa. Gaya mini, me wannan ya ce?"

Yaya ya buɗe baki ya rufe. Can ya ce, "Ban sani ba. Ban taɓa sanin abin da suke faɗa ba."

Mutumin ya gyaɗa kai. "Ni na ji abin da ya ce." Ya juyo ya dubi Yaya. "Yaron nan mai raƙuma ƙanena ne. Ya yi ta kiran uwarmu tana zaune a gabansa, bai gane ta ba."

"Wallahi ban yi niyya ba."

"Na sani. Na tambaya, an ce sau ɗaya ka buga."

"Dattawanmu sun aika. Duk abin da kuka ce..."

"Uwarmu ta ce ba ta shan nonon raƙumar da aka ba ta a madadinsa." Ya miƙe ya gyara 'yar shararsa. "Ina waje. Ka gama kallonka."

Yana wucewa na damƙi hannun Yaya. Na ce mu haura katangar baya. Na ce ko kuma in tashi in yi shela, mu nawa ne a nan, mu fita gaba ɗaya mu ga abin da mutum ɗaya zai yi. Ya ce, "Ku taru ku kashe shi, baɗi duk wanda aka ji yana Hausa a gona shi ke nan? Zauna." Ya goge fuska da hannun riga. "Ka ji shi ai, mutum ne mai hankali. Ya ce ya san ban yi niyya ba. Bari in je in same shi tun ba jama'a. Bakin nan bai taɓa kasa fitar da ni ba."

Ya tashi, na bi shi. Na riga shi isa wurin tsohon ƙofa ina haki, na ce, "Ammu," wato baffa, "don Allah kada ka ba dogon nan takobinsa." Tsohon ya dube ni ya dubi buhun. Ya ce, "Yau bai ba ni komai ba."

Akwai bishiyar darbejiya a ƙetaren hanya. Raƙumi na gurfane a ƙarƙashinta, mutumin yana zaro abu daga jikin sirdi. Yaya ya nufe shi hannuwa a buɗe, yana cewa, "Ya akhi, ɗan'uwa, saurare ni, magana ɗaya ce..."

Bai yi ƙyalli ba. Bai yi ƙarar da muka saba ji ba. Abin da na ji kamar an sare kabewa ne, sau ɗaya, tsakanin wuya da kafaɗa. Yaya bai yi ihu ba, bai juya ya faɗi ba. Zama ya yi a ƙasa kamar wanda ya gaji da yanka, ya waiwayo ya dube ni da mamaki. Jinin baƙi ne a hasken fitilar ƙofa, kuma da ɗumi, wannan ne abin da ba wanda ya taɓa gaya mini. Na tuɓe jallabiyata na danna a wurin, ta jiƙe nan take. Leɓɓansa suna motsi, na kai kunne, ba abin da ya fito sai iska. Daidai lokacin aka kece da sowa a ciki, ana tafi ana fito, da alama an sare kan dodo. Mutumin ya ajiye takobin a ƙasa, ya koma gindin bishiya ya zauna ya harɗe ƙafa, ya ce wa tsohon ƙofa, "Kira bolis," wato 'yan sanda. A kan amalanken jaki muka ɗora Yaya. Ba mu kai asibiti da shi ba.

An yanke wa mutumin hukunci, an tafi da shi, ban sake jin labarinsa ba. Dattawa suka zauna daga baya aka ce jini ya biya jini, kada wanda ya sake tayar da maganar. Baba bai ƙara ambaton sinima ba, ko da faɗa. Ni ma na ɗauka na bar ta ke nan.

Bayan sadakar arba'in Gwaggo ta kira ni ɗakinta. Tun rasuwar ba ta yi kuka a gaban kowa ba, sai jan carbi. Ta ce, "Ka kai ni in ga abin nan."

"Wane abu, Gwaggo?"

"Abin da ɗana ya ƙi zuwa Fau saboda shi."

Baba yana tsakar gida ya ji. Ya ce wa yayar tasa, "Haba, mace kamarki a wurin nan? Me mutane za su ce?" Ta ce, "Malam, ni na goya shi." Ya ƙyale ta, don ita ce babba.

Ta naɗe jikinta da tobi, babban mayafin matan nan, ido kawai a waje. Da muka iso ta tsaya ta dubi darbejiyar ta ce, "Nan ne?" Na ce nan ne. Ta daɗe tana kallon ƙasar wurin, ba abin da ya rage sai kashin awaki. Muka hau sama wurin masu iyali. Aka kashe fitila, inji ya ɗauka, ta zabura ta kama hannuna da ta ga fuskar mutum ta cika bango. Fim ɗin irin namu ne. Akwai ƙaton ƙadangare mai tafiya da ƙafa biyu, in ya ɗaga ƙafa kana ganin takalmin mutumin da ke ciki. Carbinta na ta tafiya. Can ƙasa benci uku na 'yan'uwanmu sun yi tsit, boka yana ta zuba ba mai amsa masa.

Ana cikin yaƙi jarumi ya soke wani sojan boka mai giɓi, ya faɗi ya mimmiƙe. Ba a jima ba aka koma wani fagen, sai Gwaggo ta matse mini hannu.

"Wannan ba shi aka kashe ɗazu ba? Mai giɓin nan?"

Na duba. Shi ne, hula kawai aka canja masa. Na ce, "Shi ne, Gwaggo. Mutanensu ba su da yawa, sai su sake sa shi."

"Ya tashi ke nan."

"A nan suna tashi."

Ta saki wata 'yar dariya ta hanci, gajeriya, ta toshe baki da gefen tobi kamar ta yi saɓo. Sannan ta ce, "Me yakan ce a nan?" Boka ne a bango, ya ɗaga sanda. Na gwada kumbura murya irin tasa, na ce, "Yau ba mai shan shayi sai an gama layin nan." Muryar ta karye mini a tsakiya. Ta ce, "Haka yake yi?" Na ce ya fi haka iyawa nesa. Ta ce, "Na sani. Tun yana yaro."

Ta zauna har ƙarshe. Aka sake kashe mai giɓin, aka jefa boka cikin rami mai hayaƙi, jarumi ya hau doki da gimbiya. Aka kunna fitilu, jama'a suka watse, mai shara ya fara tattara ɓawon tasali, tana zaune tana kallon bangon da ba komai a kansa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe. "To, mu je. Amma ka bi da ni ta wata ƙofar."

Sinimar kuwa ƙofa ɗaya gare ta. Na riƙe hannun Gwaggo muka bi ta nan.